Yadda za ka ƙara wa sabuwar kwamfutarka RAM da SSD ba tare da garantinta ya lalace ba

Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena suna zuwa ne da RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita tana kunne) 8 GB da SSD (ma'ajiyar bayanai) 256 GB ko 512 GB. Wasu ma RAM ɗinsu 4 GB ne kacal, wato mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa. Kafin wata ya zagayo mai ita ya fara jin ta yi nauyi, sai ya so ya ƙara mata ƙarfi. Ƙarin yana yiwuwa, kuma a kwamfutoci da yawa kamfanin da ya ƙera su ya yarda mai kaya ya yi da hannunsa. Abubuwan da ke kashe garanti su ne ɓarnar da aka yi wajen buɗewa, da canjin da ba a iya mayar da shi yadda yake, da rashin takardar da za ta tsaya maka ranar gardama.

Garantin wa ke hannunka?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma a wajenmu ta fi duk sauran nauyi. Garanti iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera, irin su HP, Dell, Lenovo, ASUS da Acer, wanda galibi shekara ɗaya ne, wasu kwamfutocin ofis kuma shekara uku. Akwai kuma na mai shago, wanda shi ne ya yanka wa'adinsa da sharuɗansa, sau da yawa ma da baki.

Na kamfani ana duba shi da lambar siriyal da ke ƙarƙashin kwamfutar da jikin kwali. Dell suna kiran tasu Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. Ka shiga shafin tallafi na kamfanin, ka rubuta lambar, zai nuna maka ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. Ka yi wannan kana tsaye a shagon, kuɗinka na aljihu. Lambar da ke kwali da ta ƙarƙashin kwamfuta da wadda ke cikin BIOS (allon saiti da ake shiga lokacin kunnawa, kafin Windows ya tashi) dole su zama ɗaya. In sun saɓa, an taɓa canza wani abu, ko kwalin na wata ce.

Sau da yawa za ka ga garantin ya fara gudu watanni kafin ranar da ka saya, domin kamfani ya fara ƙirga tun lokacin da kayan suka bar hannunsa zuwa ga babban dila. Ana iya gyara ranar idan ka aika musu rasit mai ɗauke da kwanan wata da sunan shago da lambar siriyal. Rasit da aka rubuta "kwamfuta ɗaya" da jimillar sefa kawai ba zai yi wannan aikin ba. Ka sa a rubuta samfurin da lambar, a buga hatimi.

Sai batun ƙasa. Kayanmu suna shigowa ta Duwala, ta Dubai, ta Kano da Maiduguri, wasu kuma 'yan'uwa ke riƙo su daga Faransa. Garantin kamfani yawanci a ɗaure yake da yankin da aka sayar da kwamfutar tun farko, kuma ba kowane samfuri ke da garantin ƙasa da ƙasa ba. Kwamfutar da aka ƙera don kasuwar Dubai tana iya nuna wata goma na garanti a shafin kamfani, amma cin moriyarsa sai an mayar da ita can. In haka ne, garantin da ke da amfani a gare ka shi ne na mai shago, kuma sharaɗinsa za ka bi.

A nan sitika ke shigowa. Masu shago da yawa suna manna 'yar ƙaramar sitika mai saurin yagewa a kan noti ɗaya na murfin ƙasa, wasu kamfanoni ma suna sa tasu. Za ka karanta a intanet cewa irin wannan sitika ba ta da ƙarfi a doka. Wannan maganar Amurka ce: suna da dokar Magnuson-Moss ta 1975, kuma a 2018 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta gargaɗi kamfanoni shida kan sharuɗan garanti irin wannan. A Tarayyar Turai kuma mai saye yana da kariyar shekara biyu daga wanda ya sayar masa. Waɗannan dokoki ba su da iko a Garwa ko Kusuri. Kamaru tana da tata dokar kare mai saye ta 6 ga Mayu 2011, amma a aikace maganar sitikar shago tsakaninka da mai shagon take ƙarewa. Saboda haka ka tambaya tun ranar ciniki: "Alhaji, in na so ƙara RAM, a nan za a buɗe, ko in na buɗe da kaina garantin yana nan?" Duk amsar da ya bayar, a rubuta ta a bayan rasit ya sa hannu. Mafi sauƙi shi ne yaron shagon ya buɗe a gabanka, ya sa kayan, ya manna sabuwar sitika, a rubuta abin da aka ƙara. In an ɓata wani abu a lokacin, alhakin yana wuyansu.

Kada ka yi ƙoƙarin ɗaga sitika da reza ko da zafi don ka mayar. An yi ta ne don ta nuna an taɓa ta. Kwamfutocin ofis da yawa ma suna da ɗan makunni a ciki da ke shaida wa BIOS an cire murfi. Wanda aka kama yana ɓoye buɗewa ya rasa amincin da zai sa a saurare shi ko da matsalar ba daga gare shi take ba.

Mako biyun farko, kada ka kwance noti ko ɗaya

Lahanin da ya biyo kwamfuta daga masana'anta yawanci da wuri yake bayyana. In ka buɗe ta ranar farko, sannan sikirin ya fara walƙiya a rana ta biyar, ba ka da hujjar cewa ba kai ne sanadi ba. Ka yi aiki da ita sosai tukuna. Ka gwada kowace kafar USB, da HDMI, da kafar abin sauraro, da kyamara, da Wi-Fi, da kowane maɓalli. Ka cika sikirin da fari, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ka nemi ɗigon da bai canza launi ba. Ka gudanar da gwajin da kamfani ya saka a ciki: a Dell ka danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi gwajin, a HP ka danna Esc sannan F2. Ka ɗauki hoton sakamakon.

Abu biyu kuma za su gaya maka ko sabuwa ce da gaske. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna awa nawa SSD ya yi a kunne. Umarnin powercfg /batteryreport kuma, in an rubuta shi a Command Prompt na Windows, yana fitar da rahoton batir, inda za ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda yake ɗauka yanzu. Kwamfutar da aka ce daga kwali take amma SSD ɗinta ya yi ɗaruruwan awoyi, a mayar da ita tun ba a yi nisa ba.

Abin da kamfani ya yarda ka taɓa

Kowane samfuri yana da littafin gyara a shafin kamfaninsa, kyauta. Lenovo suna kiransa Hardware Maintenance Manual, HP kuma Maintenance and Service Guide, Dell Service Manual. Ka nemi na ainihin samfurinka har da ƙananan haruffan ƙarshe, domin kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da kamanni ɗaya suna iya bambanta a ciki. Littafin yana raba kayan gida biyu: waɗanda mai kaya zai iya canzawa, Lenovo suna sa musu alamar CRU, da waɗanda sai ma'aikacin da kamfani ya amince da shi. A kwamfutocin ofis irin ThinkPad da Latitude da EliteBook, RAM da SSD galibi suna kashi na farko in ba manne suke ba. A sirara masu arha sau da yawa littafin yana sa komai a kashi na biyu. In naka ya ce haka, ka rubuta wa sashen tallafi na kamfanin ka tambaya, ka adana amsar.

Ko inda aka yarda, sharaɗin ɗaya ne: garanti yana ci gaba a kan sauran kwamfutar, amma bai shafi kayan da ka ƙara ba, bai kuma shafi abin da ka fasa wajen sakawa ba.

Akwai kwamfutocin da ba a ƙara musu komai. Duk wadda takardarta ta ce irin RAM ɗinta LPDDR4X ne ko LPDDR5, kusan kullum RAM ɗin a manne yake da madabod, wato babban allon da komai na ciki ke jone a kansa. MacBook kuwa, tun ma kafin masu firosesar M1 na 2020, RAM da ma'ajiyarsu duka a manne suke. Mai irin waɗannan ya sayi SSD na waje mai USB ya huta. Wanda ya ce zai ɗaga RAM da iska mai zafi ya manna mafi girma, ya gama da garantinka a take.

Zaɓen RAM

RAM ɗin kwamfutar tafi-da-gidanka gajere ne, ana kiransa SO-DIMM. Irin da ake kira DDR4 yana da haƙora 260, yana aiki da volt 1.2, DDR5 yana da 262, da volt 1.1. Tsagar da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. In ka ji yana ƙin shiga, ka tsaya. Turawa da ƙarfi tana karya gurbin, gurbin kuma a jikin madabod yake.

Task Manager na Windows, ko Gestionnaire des tâches ga mai Windows na Faransanci, yana nuna gurbi nawa ke da kaya, amma kada ka dogara da shi shi kaɗai, domin yakan ƙirga RAM ɗin da ke manne kamar gurbi ne. Manhajar CPU-Z tana ba da cikakken bayani: iri, da gudu, da kamfanin da ya yi. Takardar bayanin samfurin ita ce za ta faɗi iyakar abin da kwamfutar ke ɗauka. Na Lenovo suna shafinsu mai suna PSREF.

Ka sayi mai gudu daidai da wanda ke ciki, misali DDR4-3200 a kan DDR4-3200, ko DDR5-5600 a kan irinsa. In ka haɗa mai sauri da mai jinkiri, duka biyun za su koma gudun mai jinkirin. Guda biyu masu girma ɗaya, 8 da 8 ko 16 da 16, sun fi guda ɗaya babba, domin firosesa tana ɗiba ta hanya biyu lokaci guda, kuma bambancin ya fi fitowa a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban. In 8 GB a manne yake kuma akwai gurbi ɗaya, ƙara 8 ya wadatar wa ɗalibi da ma'aikacin ofis. Ƙara 16 ma yana aiki. RAM ɗin da aka yi don 'yan wasan kwamfuta, wanda sai an kunna masa wani saiti mai suna XMP a BIOS yake kai gudun da aka rubuta a kwalinsa, ba shi da amfani a nan, tunda yawancin BIOS na waɗannan kwamfutoci ba su da wannan zaɓi.

Zaɓen SSD

A nan ake yawan asarar kuɗi, saboda abubuwa uku ne dole su dace. Na farko tsawo: lambar 2280 tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, akwai kuma 2242 da 2230. Wasu kwamfutoci gajere kaɗai suke ɗauka, wasu kuma suna ɗaukar dogo in an matsar da mazaunin notin yadda littafi ya nuna. Na biyu iri: NVMe ko SATA. Dukansu suna zuwa a siffar siririn kati da ake kira M.2, amma yawancin sababbin kwamfutoci NVMe kawai suke gani. SATA mai tsaga biyu zai shiga gurbin lafiya lau, kwamfutar kuma ta ƙi ganinsa. Na uku kauri: siraran kwamfutoci suna son SSD mai kaya a fuska ɗaya. Mai fuska biyu yana lanƙwashewa in an ɗaure noti, mai ƙarfen sanyaya a bayansa kuma murfi ba zai rufu a kansa ba. SSD na sabon zubi Gen4 yana aiki a gurbin tsohon zubi Gen3, sai dai da gudun Gen3, don haka kada ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba.

Jabu sun yi yawa a kasuwa. SSD da aka rubuta 1 TB a kansa da farashin da ya yi arha fiye da kima, ka gwada shi da H2testw kafin ka amince masa da aikinka: manhajar tana cika shi da bayanai ta karanto su, ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka.

In kwamfutar tana da gurbi na biyu, ka bar na asali a wurinsa, ka ƙara sabo. In gurbi ɗaya ne, shawararmu ita ce ka cire na asali da Windows ɗinsa yadda yake, ka adana, ka zuba sabon Windows a sabon. Ranar da za a kai ta gyaran garanti sai ka mayar da na asali. Da haka kwamfutar ta koma yadda aka sayar maka, hotunan iyalinka da takardun aikinka kuma suna gida.

Kafin ka taɓa sukudireba

Ka nemo mabuɗin BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan da ke cikin SSD. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle SSD da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Canji a BIOS ko a kayan ciki yana iya sa ta tsaya a shuɗin allo tana neman lambobi 48. Suna cikin asusunka na Microsoft. Ka rubuta su a takarda, kuma ka dakatar da kullen kafin aiki. In babu wannan mabuɗi, babu mai gyaran da zai fito maka da bayananka, kamfanin ma ba zai iya ba.

Ka kwafe duk abin da ke da muhimmanci zuwa wani wuri. Ka shirya filashi mai 8 GB ko fiye da kayan zuba Windows daga shafin Microsoft, ka kuma sauke direban Wi-Fi na samfurinka, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane katin Wi-Fi, ka ajiye a ciki. A kwamfutoci masu firosesar Intel daga zubi na 11 zuwa sama, sau da yawa wajen zuba Windows sai a ga babu SSD a jerin. Lafiyarsa lau, direban Intel RST ne babu. Ka sauke shi daga shafin kamfanin tun kafin ka fara. Lasisin Windows kuwa, in da shi kwamfutar ta zo daga masana'anta, yana cikin madabod, zai kunna kansa da an hau intanet. Wadda ta zo da FreeDOS a maimakon Windows ba ta da lasisi, sai an saya.

Kayan aiki kaɗan ne: sukudireba mai kan gicciye lamba PH0 da PH00, wani lokaci mai kan tauraro T5, da abin ɓamɓare murfi na roba ko tsohon katin banki. Ban da wuƙa, ban da bakin sukudireba wajen ɗaga murfi. Tabon ƙarfe a gefen murfi shi ne abu na farko da mai duba garanti ke gani.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskarmu tana bushewa ƙwarai, lantarki kuma yana taruwa a jikin mutum. Tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe RAM, wanda bai kai ka ji shi ba ma yana iya yi masa lahanin da sai daga baya zai fito. Ka yi aiki a kan teburin katako, ba a kan katifa ko darduma ko tabarmar roba ba. Ka sa rigar auduga. In kana da abin ɗaurawa a wuyan hannu mai sauke lantarki, ka yi amfani da shi. In babu, ka riƙa taɓa ƙarfen taga ko famfon ƙarfe kafin ka ɗauki kowane abu. RAM da SSD a gefe ake riƙe su, ba a taɓa haƙoran zinariyar. Ka rufe taga, ka kashe fanka, kada ƙura ta sauka a ciki.

Aikin kansa

Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka cire caja da duk abin da ke jone. A ThinkPad akwai wuri a BIOS, ƙarƙashin Config sannan Power, da ake kashe batirin ciki kafin a buɗe. Ka yi amfani da shi. Ka ɗauki hoton ƙasan kwamfutar kafin ka fara.

Ka zana siffar murfin a takarda, kowane noti da ka cire ka ajiye shi a inda ya dace a zanen. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti a ramin gajere yana huda wurin ɗora hannu ta ciki ya fito da ƙuraje a sama, ko ya taɓa madabod. A wasu kwamfutocin ofis notunan ba sa fita daga murfin, sassauta su kawai ake yi. Kada ka ja su. Wasu kuma suna ɓoye noti a ƙarƙashin robar ƙafa, littafin zai nuna. Ka fara ɓamɓarewa daga inda littafin ya ce, galibi wajen maƙalar sikirin, ka bi gefe a hankali. In wani wuri ya ƙi, akwai notin da ka manta.

Da murfi ya tashi, ka ɗauki hoto, sannan ka cire jonin batir in littafin ya ce a cire. Ka ja kan jonin da farce ko roba, a miƙe, ba wayoyin ba. Ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. Mafi munin ɓarnar da ake yi a wannan aiki tana faruwa ne in an tsallake wannan mataki: noti ya suɓuce ya faɗa kan madabod mai wuta, ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, kwamfutar ta mutu. Wurin ƙunar yana bayyana, kuma babu garantin da ke biyansa.

RAM: ka buɗa 'yan ƙarafan da ke riƙe da shi a gefe biyu, zai ɗago da kansa, ka zare. Sabon ka daidaita tsagarsa da ta gurbin, ka shigar da shi a karkace kamar digiri 30 har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa sai ka ji ƙarafan sun kama. In akwai murfin ƙarfe ko baƙar leda a kansa, ka mayar.

SSD: noti ɗaya ne ƙarami a ƙarshensa. Ka shigar a karkace, ka kwantar, ka ɗaure daidai yadda ya tsaya, kada ka matse. In na asali yana da farantin tagulla ko laushin abin kwashe zafi, ka mayar da su kan sabon. A zafin Maris da Afrilu, SSD da ba shi da su yana rage gudunsa da kansa.

Ka mayar da jonin batir, ka ɗora murfi ba tare da ɗaure noti ba, ka kunna. Da DDR5 sikirin yana iya zama baƙi na minti ɗaya ko fiye a kunnawar farko, kwamfutar tana auna sabon RAM ne. Ka ba ta lokaci. In ta daɗe ba ta tashi ba, ko tana ƙara, ko fitila na ƙiftawa, kusan kullum RAM ne bai zauna ba. Ka cire wuta da batir, ka sake zaunar da shi. Ka shiga BIOS ka tabbatar ta ga adadin, sannan ka ɗaure notuna. Daga nan ka bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke, ko ka yi amfani da gwajin RAM na Windows. Kuskure ko ɗaya ya fito, ka mayar wa mai shago RAM ɗinsa.

Kayan asali da ka cire, ka sa su a jakar da sabon ya zo a ciki, ka haɗa da rasit da kwali. Kada ka sayar da su sai garanti ya ƙare. Sharuɗan kamfanoni suna cewa a cire duk abin da aka ƙara kafin a kawo gyara, kuma ba sa ɗaukar alhakin bayanan da ke ciki. Kwamfutar da aka musanya maka da wata, RAM ɗinka yana iya tafiya da tsohuwar.

Abin da za a bari sai garanti ya ƙare

Kada a ɗaga bututun tagullar da ke kan firosesa don canza man sanyaya. Sabuwar kwamfuta ba ta bukata, kuma in tana zafi fiye da kima tun tana sabuwa, wannan lahani ne da garanti ya kamata ya gyara. Haka canza sikirin, da kibod, da kafar caja, da duk aikin da ya shafi dalma. Katin Wi-Fi ma a bar shi in ba dole: kawunan wayoyin eriyarsa ƙanana ne, suna fizgewa da sauƙi, kuma kati irin Intel AX201 ba ya aiki sai da firosesar Intel da ta dace da shi. Ɗan Wi-Fi na USB ya fi sauƙi.

Masu son kibod mai tsarin AZERTY na Faransanci da suka sayi mai QWERTY na Turanci, ko akasin haka, su canza tsarin a cikin Windows su manna sitikar haruffa. Windows yana da tsarin rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, manhajar Keyman kuma tana da na harsunan Kamaru a tsarin biyu.

Zuba Ubuntu ko Linux Mint a maimakon Windows ba ya taɓa garantin kayan ƙarfe, sai dai ma'aikatan tallafi suna iya cewa a mayar da Windows kafin su duba, wanda SSD na asali da ka adana ya riga ya warware. BIOS kuwa, na kamfani kawai ake sabuntawa, batir a cike, caja a jone, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya batirin ne zai ƙarasa aikin. BIOS da wani ya yi wa kwaskwarima don buɗe ɓoyayyun zaɓuɓɓuka yana kashe garanti. In ka sa wa BIOS kalmar sirri, ka rubuta ta: a ThinkPad, mantuwar babbar kalmar sirri sai an canza madabod, da kuɗinka.

Caja ta fi sukudireba kashe kwamfutoci a garuruwanmu. HP da Dell galibi volt 19.5 ne, Lenovo 20, ASUS da Acer 19, kuma shigar kan caja cikin rami ba ya nufin ta dace. Ka riƙe ta asali. Ɓarnar da wuta ta yi in ta dawo da ƙarfi, ko ta janareta, ko tsawa lokacin damina, garanti ba ya ɗaukarta. Ka sa abin kare tsallen wuta tsakanin bango da caja, ka cire caja in wuta ta ɗauke, kada ka mayar sai ta dawo ta zauna.

Yawancin kamfanoni suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin aiki, Garwa da Njamena kuwa suna wuce 40 a bazara. Batir ne ke fara shan wahala. Ka rage iyakar cajinsa ta manhajar kamfanin, Lenovo Vantage ko MyASUS ko makamancinsu, in kullum a jone take; wannan ba ya taɓa garanti. In ka ga wurin linzamin yatsa (touchpad) ya fara ɗagowa ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura: ka daina caji, kada ka danna shi, ka kai ta da wuri, domin garantin batir galibi shekara ɗaya ne ko da na kwamfutar uku ne. Ƙurar fanka kuma a hure ta daga waje da famfon iska na hannu, kwamfutar a kashe. Ban da injin iskar masu faci: iskarsa tana ɗauke da ruwa da mai, kuma ƙarfinta yana juya fankar har ta lalace.